Ni da Kailu a Bakin Gulbi

Asabar, biyu ga Jimada Lahir, bayan azahar. Filinge.

Na buɗe gafakar marigayi babana, Malam Dodo, na tarar da sauran takardun da bai rubuta komi a kai ba. Shi ya koya mani rubutu tare da 'yan'uwana maza, mutane suna tambayarshi mi mace za ta yi da alƙalami. To, ga abin da za ta yi.

Sunana Dijatu. Maigidana Kailu ne, mai raƙumi, shina kai kanwa kasuwanni. Shekara tara da aurenmu bakina bai taɓa faɗin sunanshi ba, amma takarda ba ta da kunya. Kailu. Kailu. Ya yi kyau a rubuce.

Shekaranjiya gardi, dogarin Annasara, ya zo ya kai shi bariki tare da maza goma sha ɗaya. Lokotoron Annasara, likitansu, ya auna ƙirjinshi da igiya, ya duba haƙoranshi yadda ake duba na doki, ya ce ya yi. Anka ce su koma gida, ranar da watan Rajab ya tsaya su dawo da shirin tafiya mai nisa. Wanda bai dawo ba a ɗauki ƙanenshi. Ba zan rubuta sunan abin ba. Kowa a ƙasarmu ta Kurfai ya san shi.

Yau da hantsi ya shigo shina dariya, ya ce, "Dijatu, kin tuna ƙaryar da kinka ce na yi maki?"

Na ce, "Wace daga ciki?"

Ya ce, "Ta gulbi."

Lokacin da shike neman aurena ya ce mani akwai wani ruwa can yamma, in ka tsaya bakinshi ka yi kuwwa, na ƙetare ba ya jinka. Na ce mashi maƙaryaci a gaban ƙawayena. Ashe bai manta ba.

Ya ce, "Jibi za mu tafi ki gani da idonki. Ni da ke kaɗai."

Lahadi, uku ga wata, la'asar.

Inna Muna, uwar maigida, ta ce mun haukace. "Yawon banza a tsakiyar bazara? Tun da nike ban ji macen da ta bar gidanta don kallon ruwa ba. Ruwa ba ga shi nan a rijiya ba?" Ta yi ta faɗa har ta gaji. Sannan ta ɗauki ɗiyata Albarka ta ɗora a cinya, ta ce, "Ku tafi. In kunka dawo ba busasshen kifi kada ku shigo mani gida."

Ibrah, ƙanen maigida, shi ya gyara sirdin raƙumi. Shina ɗauri shina tarin nan nashi da ya ƙi barinshi tun bara. Bai yarda mun haɗa ido ba.

Na yi ƙuli-ƙuli, na daka fura, na ɗaure dambu. Ban yi tunanin komi ba.

Litinin, huɗu ga wata, azahar. Gindin wani gawo.

Sunan raƙuminmu Magagi, don kullum tafiya shike yi kamar yanzu anka tashe shi daga barci. Ban taɓa hawanshi ba sai yau. Da ya miƙe da ni, ya fara ɗaga baya, na yi salati da ƙarfi har karnukan unguwa sunka amsa. Kailu ya yi dariya har ya zauna ƙasa.

Yanzu na iya. Daga sama ana ganin dallol, babban kwarin ƙasarmu, a shimfiɗe, goriba da giginya har iyakar ido, duwatsu ja sun tsare gefe guda. Shekara ashirin da bakwai ina zaune a bakinshi ban san haka shike ba.

Talata, biyar ga wata, magariba. Bonkuku.

Mun sauka wajen Buzaye abokan cinikin maigida. Matar gidan ta dube ni ta dube shi, ta tambaya ko biki za mu ko ta'aziyya. Kailu ya ce, "Kallon ruwa." Ta kira maƙwabtanta su zo su ji. Sunka ba mu cuku da nonon raƙumi. Cikina bai yarda da nonon ba, amma wagga magana ba ta takarda ba ce.

Laraba, shida ga wata, la'asar. Saman dutse, ƙasar Tondikandiya.

Kailu ya ce Zabarmawa tondi suke ce ma dutse. Ya ɗaure Magagi a wani ƙauye, ya ce mu hau. Na ce a wanga zafi? Ya ce in na kai sama zan gode mashi.

Na hau ina zaginshi a zuci. Takalmina ya tsinke, ya ba ni nashi, ya hau da ƙafa shina tsalle kamar ya taka wuta. Da munka kai sama iska ta buge ni. Iska mai sanyi, a bazara! Na kwance kallabi na bar ta ta shiga kaina. Babu kowa sai mu. Daga can mutane kamar tururuwa, shanun Fulani kamar an watsa farin wake.

Ban gode mashi ba. Ya ce ya ga godiyar a fuskata, ta isa.

Alhamis, bakwai ga wata, hantsi. Saman dutse.

Mun sake hawa tun da sassafe, don na ce ban ƙoshi ba. Birai sun sace mana ƙuli-ƙuli, da jakar gaba ɗaya. Babbansu ya zauna kan wani falalen dutse shina ci shina kallonmu. Kailu ya miƙe ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Ranka shi daɗe, kumandan, a bar ma talakawa ko biyu mana." Na yi dariya har hawaye. Daga baya hawayen sunka ɗan ƙi tsayawa, na ce mashi iska ce.

Ya tambaye ni mi nike rubutawa kullum. Na ce laifuffukanshi. Ya ce takardar ba za ta isa ba, in rage girman baƙi.

Juma'a, takwas ga wata, azahar.

Tafiya kawai. Lafiya lau muke. Ban yi tunanin komi ba.

Lahadi, goma ga wata, la'asar. Balleyara.

Kasuwa ta ci. Na koyi cewa "fofo", ita ce gaisuwar Zabarmawa, na yi ta rabawa har ga jakuna. Na ci kopto, wani kwaɗon ganye da suke yi da ƙuli da barkono, ya fi namu yaji. Kailu ya musanya kanwa da sabon takalmi da wani zane baƙi mai ratsin ja. Ya yafa mani a tsakiyar kasuwa, mutane na kallo. Na ce, "Maigida, ka ji kunya mana." Ya ce ya bar ta Filinge wajen Inna.

Wajen azahar gardi biyu sunka ratsa kasuwa a kan dawaki. Samari sunka ɓace kamar ƙasa ta haɗiye su. Kailu bai motsa ba. Ya nuna masu 'yar takardar da anka ba shi a bariki, sunka duba sunka wuce. Ban san shina ɗauke da ita a layarshi ba.

Zanen ya yi mani kyau ƙwarai.

Talata, sha biyu ga wata, magariba.

Ya ce gobe. Tun jiya shike cewa in saurari hancina, wai ruwa shina da ƙamshi. Ni warin Magagi kawai nike ji.

Laraba, sha uku ga wata, hantsi. Bakin gulbi.

Ba ƙarya ya yi ba.

Laraba, la'asar.

Ɗazu ban rubuta da yawa ba. Mun hau wani ɗan tudu, ya ce in rufe ido, ya ja Magagi, sannan ya ce in buɗe. Na zaci sama ce ta faɗo ƙasa. Ruwa shina tafiya, ba mai jan guga, ba mai jira, ba mai faɗa kan wa ya riga wa. Kuma wai wanga ruwan rani ne, ya janye. Inda ya janye ya bar rairayi fari mai laushi kamar garin gero.

Kailu ya ce, "To, yi kuwwa."

Akwai wani mutum can ƙetare shina wanke doki. Na tattara muryata na ce, "Fofo!" Bai ko juyo ba.

Kailu ya ce, "Sai ki janye maganarki."

Na ce, "Kurma ne."

Mun sauka gidan Issa, Basarke ne, mai kamun kifi, tsohon abokin maigida. Zabarmawa Isa suke kiran gulbin kanshi, don haka ya ce mani in na ji ana yabon Isa in san da shi ake. Matarshi Haske 'yar Arewa ce, Hausarta kamar tamu. Mun saba kafin tuwo ya nuna.

Alhamis, sha huɗu ga wata, azahar.

Haske ta kai ni mashayar mata. Na shiga ruwa har wuya! Ni da nike wanka da rabin ƙwarya. Ƙananan kifi suna cizon yatsun ƙafata, ina ihu, matan garin suna dariya. Na wanke zannuwa duka, har waɗanda ba su yi dauɗa ba, don in ga yadda ake wanki ba a tsimin ruwa.

Issa ya kamo giwan ruwa, tsawonshi ya kai Albarka. Haske ta gasa shi da gishiri da lemun tsami. Kailu ya ci har ya kasa sunkuyawa.

Da Albarka na nan da ta yi ta birgima a rairayin nan.

Juma'a, sha biyar ga wata, la'asar.

Mun shiga jirgi. Kailu, wanda ya ƙetare daji da raƙumi sau ba adadi, ya riƙe bakin jirgi da hannu biyu, fuskarshi ta yi toka. Ni kuwa na miƙe tsaye. Issa ya ce mace ce ta dace da gulbi, mijin a mai da shi tudu.

Mun ga dorina uku. Kunnuwansu ƙanana kamar na ɓera, bakinsu kamar ƙofar rumbu. Ɗaya ta yi hamma, Kailu ya karanta duk surorin da ya haddace, guda huɗu ne, ya sake daga farko.

Na rubuta wanga a gabanshi, na karanta mashi. Ya ce in goge. Tawada ba ta gogewa.

Asabar, sha shida ga wata, bayan azahar.

Muna gyaran kifi ni da Haske, ta rage murya. Ta ce Issa ya gaya mata komi. Ta ce tun farkon rani jirgin Issa ya gangara da maza bakwai irin maigidana. Kwana kaɗan ne a ruwa a kai ƙasar da Ingilishi ke riƙe da ita, can takardar bariki ba ta aiki. Wasu har da matansu. Ta ce, "Ni dai na faɗa maki. Jirgi na nan."

Na yanke yatsa da wuƙa. Kaɗan ne.

Lahadi, sha bakwai ga wata, magariba.

Na gaya mashi. Muna zaune kan rairayi, ƙafafunmu cikin ruwa. Na yi niyyar in faɗa a hankali, amma sai na ji ina roƙo. Na riƙe gefen rigarshi. Na ce Albarka ba ta ƙoshi da ganin fuskarshi ba tukuna. Na ce waɗanda anka ɗauka bara ko labarinsu ba a ji ba.

Ya zare rigarshi daga hannuna a hankali, ya tafi duba Magagi.

Litinin, sha takwas ga wata, hantsi.

Ba mu yi magana ba.

Litinin, la'asar.

Na kai mashi fura, ya sha. Haske ta koya mani saƙar koma ta kamun kifi. Lafiya lau muke.

Talata, sha tara ga wata, la'asar.

Zan rubuta wanga a tsanake don kada in rage komi.

Da hantsi ya ce in zo. Issa ya ƙetare da mu wani tsibiri na rairayi a tsakiyar gulbi, ba komi a kai sai tsuntsaye, ya ce za shi dawo da azahar. Kailu bai riƙe bakin jirgi ba yau.

Ya zauna ya ce, "Dijatu, na yi magana da Issa. Gobe da asuba mu gangara."

Na ji kamar an sauke mani dutse daga ka. Na yi dariya, na yi kuka, na zuba mashi rairayi a wuyan riga. Ya ce Magagi a bar ma Issa. Ya ce za shi koyi kamun kifi, in rinƙa riƙe shi a jirgi. Ya ce bayan kaka a aika a ɗauko Albarka. Mun yi ta gina gida da baki, har da inda za a sa rumbu.

Sannan na tsaya ina kallonshi shina tona rairayi da yatsa.

Na ce, "Ibrah fa?"

Ya ce, "Da wanga tari nashi lokotoro ba za shi karɓe shi ba."

Na ce, "Ka tabbata?"

Ya ce, "A'a."

Na tuna yadda Ibrah ya ɗaure sirdin nan. Ya san inda hanyar gulbi ke kaiwa, kowa ya sani. Ya ɗaure shi da kyau don kada in faɗo, bai ce mana ku dawo ba. Inna ma ta sani. Shi ya sa ta nemi kifi, don ta sami abin da za ta ce a kawo.

Na ce, "Maigida, mu koma gida."

Ya ɗago kai. Ya ce, "Shekaranjiya ke kinka roƙe ni."

Na ce, "Na roƙa. Ina so in ji ka ce to. Ka ce. Na ji da kunnena, ba mai ƙwace mani shi."

Ya ce, "Tsoro nike ji, Dijatu. Ya fi na dorina."

Na ce, "Na sani. Ni ma."

Soja. Ga shi, na rubuta. Za su mai da shi soja su kai shi yaƙin Annasara, bayan wani ruwa da anka ce ya fi wanga girma, ruwan gishiri. Na gaya mashi in ya dawo ya ce mani ya ga ruwan da ba a ganin ƙetarenshi, zan ce mashi maƙaryaci a gaban kowa. Ya ce ya yarda, da sharaɗin in shirya hawan raƙumi.

Da Issa ya dawo ya dubi fuskokinmu bai tambaya ba. Ya ce kawai, "To, bari in sa Haske ta ɗaure kifin tsohuwa."

Sauran yinin wasa munka yi. Kailu ya shiga ruwa har ƙirji, karo na farko a duniya, ya sha rabin gulbi ta hanci.

Laraba, ashirin ga wata, hantsi.

Mun kama hanya. Haske ta rako mu har tudu, ta ba ni 'yan kunne na jan ƙarfe. Magagi warin kifi shike yi, ƙudajen ƙasar Zabarma duka sun biyo mu rakiya.

Asabar, ashirin da uku ga wata, azahar.

Abin mamaki, dawowa ta fi tafiya daɗi. Yanzu muna maganar komi. Ya gaya mani wace gona za a fara shukawa in ruwa ya sauka, da yadda ake ba Magagi kanwa in cikinshi ya kumbura. Na gaya mashi abin da za shi yi in mura ta kama shi, don an ce ƙasar da sanyi. Ya sa na koya mashi rubuta sunana a ƙasa da tsinke. Harafin dal ɗinshi kamar ƙugiyar kifi. Ya yi ta maimaitawa duk inda munka sauka.

Mun ga shamuwa biyu a kan gawo. Damina ta kusa.

Talata, ashirin da shida ga wata, magariba. Filinge.

Albarka ta fara ganinmu, ta sheƙo da gudu ta faɗi ta tashi. Inna ta fito, ta tsaya bakin ƙofa ta daɗe tana kallonmu. Sannan ta karɓi ɗaurin kifi ta sunsuna, ta ce, "Ƙanana ne."

Ibrah shina gyaran danga. Da ya ga yayanshi ya saki igiya, ya ce, "Yaya, don mi kunka dawo?" Kailu ya ce, "Kifi ya ƙare a gulbi, Dijatu ta cinye." Ibrah ya juya fuska ga danga. Kailu ya je ya kama mashi ɗayan bakin igiyar, sunka ƙarasa ɗaurin tare.

Alhamis, ashirin da takwas ga wata, la'asar.

Matan unguwa sun cika gida don jin labari. Na gwada masu girman bakin dorina da hannu. Kubura maƙwabciyata ta ce aure da mai raƙumi ya koya mani ƙarya.

Juma'a, magariba.

An ga wata.

Asabar, ɗaya ga Rajab, azahar.

Mun raka su bakin bariki da hantsi. Anka shiga da su, anka fito da su cikin kayan Annasara. Wandon Kailu bai kai ƙwauri ba, jar hular ta zauna a tsakar kanshi kamar murfin tulu. Mata na kuka ko'ina. Ni da na gan shi sai dariya ta kubce mani. Ya hango ni, ya ƙame, ya ɗaga hannu ya sara mani yadda ya ga gardi na yi, amma da hagu. Wani babba a cikinsu ya daka mashi tsawa. Albarka ta ce, "Baba ya sa wandon Baffa Ibrah."

Anka jera su biyu-biyu sunka bi hanyar kudu. Ya waiwayo sau uku. Duk ukun ya same ni ina dariya. Ban bar dariyar ba har sunka sha kwanar dutse.

Lahadi, biyu ga Rajab, hantsi.

Na auna gero na daka kamar kullum. Sai da na kwashe tuwo na ga malmala ta yi yawa. Na zuba rabonshi a akushinshi, na ba Albarka murfin ta riƙe, munka kai ma Ibrah. Ya zauna shina kallon akushin.

Na ce, "Ci duka. Gona biyu ke jiranka bana."

Ya wanke hannu.